Babu Rezo: Sharhi Kan Rumbun Bayanan Da Ba Ya Rufe Ƙofa

Duk wanda ya zauna a Matameye ya san amsar nan mai kalma biyu. Dattijo ya baro ƙauyensu da sassafe a bayan kabu-kabu, ya zo karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko daga Agadas. Ya bi layi har rana ta take, ya iso bakin taga, yarinyar da ke gaban kwamfuta ta dube shi da tausayi ta ce, "Baba, sai haƙuri, babu rezo. Ko za ka dawo bayan la'asar?" Kuɗinsa suna nan, sunansa yana rubuce, ba wanda ya ci masa ko dala. Amma hannu ba ya kai wa gare su, ga kuɗin babur ya biya, ga cefane yana jira a gida. A wurin wannan bawan Allah, ajiyar da ba ta samuwa ranar buƙata ba ta da maraba da wadda ta ɓata.

Na sha tsayawa a irin wannan layi, kuma abin yana damuna fiye da da, domin yanzu ba kuɗi kaɗai ke komawa cikin kwamfuta ba. Takardun haihuwa, alƙaluman likita, sakamakon jarrabawa, takardun filaye, duk sun kama hanya. Kalmar "rezo" kuwa ta zama bargon da ake lulluɓe laifuka iri-iri: wani lokaci eriyar salula ce, wani lokaci wuta, wani lokaci kuma kwamfutar ajiyar da ke can Yamai ko wata ƙasa ce ta kwanta, babu mai tsaya mata. Wannan na ƙarshen nake so mu zauna a kansa: yadda ake gina rumbun bayanai a kan kwamfutoci da yawa, da yadda wata ke maye gurbin wata idan ta faɗi, da abin da hakan ke nufi ga gari irin namu.

Hikimar da muka gada

Manomin ƙasar Kance bai jira injiniya ya koya masa raba ajiya ba. Ana kafa rumbuna a gefen gari, nesa da murhu, don kada gobarar gida ta haɗa da abincin shekara. Ana ɗora su a kan duwatsu saboda gara da danshi. Mai tumaki yakan bar wasu a gida, ya kai wasu wurin ɗan'uwa a wani ƙauye, ya ba makiyayi sauran, don in annoba ta shiga garke ɗaya kada ta share shi tas.

Da takarda ta zo, sai muka yi sakaci da wannan hikima. Ranar 3 ga Janairu 2012 gobara ta tashi a ginin ma'aikatar shari'a da ke Yamai, ta cinye tarin takardun da aka yi shekara da shekaru ana adanawa a wuri guda. Shekara ɗaya bayan haka, a Janairu 2013, aka ƙona dubban littattafan hannu a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu. Sai dai a can, mafi yawan dukiyar ta tsira, saboda Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun riga sun rarraba littattafai cikin akwatuna a gidajen mutane, daga baya suka sulale da su zuwa Bamako. Abin da aka tara wuri ɗaya ya ƙone, abin da aka watsa ya rayu.

Kwamfuta ba ta sauya wannan doka ba. Abin da ta ƙara shi ne sauƙin kwafi, da kuma wata sabuwar wahala da takarda ba ta sani ba: ta yaya kwafi uku da ke wurare uku za su ci gaba da faɗin magana ɗaya, alhali ana rubutu a cikinsu dare da rana?

Yadda ake watsa fayil

A shekarar 2003 injiniyoyi uku na kamfanin Google, Sanjay Ghemawat da Howard Gobioff da Shun-Tak Leung, suka bayyana tsarin da kamfanin ke ajiye bayanansa. Sun fara da amincewa da abin da wasu ke gudun faɗa: na'ura tana lalacewa, kuma mai na'urori da yawa kullum yana cikin gyara. Lissafin a fili yake. Mu ƙaddara faifan ajiya yana shekara 4 kafin ya mutu, wato kwana 1,460. To mai faifai 1,460 ya sa ran mutuwar ɗaya kusan kowace rana. Maimakon sayen na'ura mai tsada da fatan ba za ta mutu ba, sai suka sayi masu araha da yawa, suka gina tsarin da mutuwar ɗaya ba ta tsayar da aiki.

Ana yanka kowane babban fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa megabayit 64. Kowace gunduwa ana yi mata kwafi 3, a ajiye a kwamfutoci 3 daban. Sannan akwai kwamfuta ɗaya da ba ta ɗaukar kaya, aikinta riƙe kundi: fayil kaza gunduwa nawa ne, kowace tana hannun wa. Mu kira ta magatakarda. Mai neman fayil yakan tambayi magatakarda, ta nuna masa ƙofa, shi kuma ya je ya ɗauko da kansa. In wata kwamfutar ajiya ta mutu, magatakarda ta duba kundi, ta ga waɗanne gunduwoyi ne suka koma kwafi 2, ta umarci masu rai su sake kwafa har adadin ya cika. Mai amfani bai ma san an yi rashi ba.

Wannan bayani ne ya haifi tsarin ajiyar Hadoop, wanda Doug Cutting da Mike Cafarella suka assasa, ya tsaya da ƙafarsa a 2006, kuma kowa na iya ɗauka kyauta. A cikinsa ba a barin kwafi ukun a kantar kwamfutoci ɗaya: ɗaya a wannan kanta, biyu a wata, don kada mutuwar wayar kanta guda ta kwashe su duka. A shekarar ce kuma Sage Weil ya fito da Ceph daga jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, inda ake gano mazaunin kowace gunduwa ta hanyar lissafi, ba sai an tambayi magatakarda kowane lokaci ba.

Kwafi uku yana da tsada, domin mai buhu 100 sai ya tanadi wurin buhu 300. Shi ya sa ake amfani da wata dabarar lissafi da Irving Reed da Gustave Solomon suka fitar tun 1960. Ga ta a sauƙaƙe: kana da lambobi 4 da 7 da 9, sai ka ajiye jimlarsu, 20, a wani wuri. In 7 ta ɓata, ka cire 4 da 9 daga 20, ta dawo. Da lissafi mai zurfi fiye da wannan, ana raba fayil gida 6 a ƙara masa gunduwar lissafi 3. Ko waɗanne 3 ne suka ɓata cikin 9 ɗin, fayil yana dawowa cif, kuma ƙarin wurin rabi ne kacal. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci: gyaran gunduwa ɗaya sai an karanto shida.

Ma'aunin samuwa

Masu wannan sana'a suna auna alkawarinsu da lambar tara. Wanda ya ce rumbunsa yana buɗe kashi 99 cikin 100 na shekara, ya yarda ke nan zai rufe fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 yana nufin rufewar kusan awa 9. Kashi 99.99, kimanin minti 53. Kashi 99.999, minti 5 da ƴan daƙiƙu a shekara duka. Kowace tara da aka ƙara tana cin kuɗi ninkin-ba-ninkin, kuma daga tara ta huɗu ɗan Adam ya fita daga lissafi, domin kafin a ta da ma'aikaci daga barci ya sa takalmi, mintocin shekara sun ƙare. Dole na'ura ta gane da kanta cewa ƴar'uwarta ta faɗi, ta karɓi aiki ba tare da jiran kowa ba.

Akwai kuma abin da ɗan Matameye ya kamata ya riƙe: wannan alkawari a bakin ƙofar rumbu ake auna shi. In rumbu yana da tara biyar, amma wutar garinmu da layin da ya haɗa mu da shi suna yankewa kowane mako, samuwar da dattijon nan zai gani ita ce ta mafi raunin mahaɗa a igiyar.

In limami ya fita

Wanda ya lura zai ga rauni a tsarin da muka zana. An yi wa kaya kwafi uku, amma magatakarda ɗaya ce. In ta faɗi, duk gunduwoyin suna nan lafiya, sai dai ba wanda ya san wacce ke bin wacce. Haka Hadoop ya zauna shekaru da wannan tabo, sai a zubinsa na biyu, wajen 2012 zuwa 2013, aka ba magatakarda na'ibi mai zaman ko-ta-kwana.

Ban san misalin da ya bayyana wannan aiki kamar abin da muka koya a zauren malamai a babin wakilcin limami ba, duk da cewa sallah ta fi ƙarfin a kwatanta ta da na'ura. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa idan uzuri ya sami limami yana tsakar sallah, kamar alwala ta karye ko haɓo ya zubo, sai ya gabatar da wani daga cikin mamu. Wanda za a gabatar sai ya kasance ya riga ya shiga sallar tare da limami kafin uzurin. Ba a kiran wanda ke bakin rijiya yana alwala. Yana ɗorawa daga inda limami ya tsaya, ba ya komawa farko. In limami ya fita bai gabatar da kowa ba, jama'a su gabatar. In kuma ya gyara ya dawo, bayan na'ibin zai bi. A sallar Juma'a kuwa ba a yarda sahu ya rabu biyu kowane ɓangare da limaminsa ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da takwara a ɗakin kwamfuta. Na'ibin da ke cikin sahu shi ne wanda ke karanta duk abin da magatakarda ta rubuta a daidai lokacin da ta rubuta shi. A Hadoop, duk sauyin da aka yi sai an rubuta shi a littafin aiki da ke hannun aƙalla kwamfutoci 3 na daban, na'ibi yana bi yana karantawa, don haka ranar da aka ce ya matso gaba, ya san raka'ar da ake ciki. Wanda aka ajiye a kashe cikin kwali, sai an kunna shi an loda masa kundi, shi ne na bakin rijiya: zai iso, amma bayan jama'a ta gaji da tsayuwa.

Shiru ba mutuwa ba ne

A masallaci ido yana ganin limami ya fita. Kwamfuta ba ta da ido. Abin da take da shi ƴar sallama ce da ake aikowa a kai a kai, ma'anarta "ina nan." A Hadoop, kowace kwamfutar ajiya tana aika wannan sallama duk daƙiƙa 3, kuma sai ta yi shiru na minti 10 da rabi kafin a yanke cewa ta mutu. Me ya sa ake wannan dogon jira? Saboda wanda ya daina jin sallama ba shi da hanyar sanin ko mai sallamar ne ya mutu, ko aiki ne ya sha kansa, ko kuwa hanyar da ke tsakaninsu ce ta yanke. In an yi gaggawa, a binne mai rai. In an yi jinkiri, jama'a ta yi ta jira. A nan duk wuyar wannan ilimi take.

Mu ɗauka magatakarda tana Yamai, na'ibinta yana Damagaram, sai mai haƙa rami ya datse wayar da ke tsakani. Na'ibi ya ji shiru, ya ce shugaba ya faɗi, ya hau kujera. Ita kuwa tana nan da ranta tana karɓar rubutu daga mutanen yamma. An sami sarki biyu a zamani ɗaya. Fili guda a rubuta shi da sunan mutum biyu, kuɗi guda a biya su sau biyu. Ranar da aka ɗinke waya, kundi biyu ne za su fito, kowanne da gaskiyarsa, kuma babu lissafin da zai gaya maka wanne za a yar.

Maganin farko shi ne rinjaye. Ba mai hawa kujera sai ya sami yardar fiye da rabin masu zaɓe, domin ɓangare biyu ba za su taɓa samun fiye da rabi a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa ake sa masu zaɓe 3 ko 5. Uku suna jure rashin ɗaya, biyar suna jure rashin biyu. Biyu kuwa ba sa jure komai, domin in sun rabu kowa rabi gare shi. Leslie Lamport ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan zaɓe a tsarin da ya kira Paxos, wanda aka buga a 1998. A 2014 Diego Ongaro da John Ousterhout na jami'ar Stanford suka kawo Raft, mai sauƙin fahimta. A misalinmu, da akwai mai zaɓe na uku a Maradi, ɓangaren da ya iya jin muryarsa shi ke da mulki, ɗayan kuma ya ajiye alƙalami da kansa.

Magani na biyu shi ne ɗaure hannun tsohon shugaba kafin sabo ya fara. Wani tsarin yana ba kowane zamanin mulki lamba, duk takardar da ta zo da tsohuwar lamba a mayar da ita. Wani kuma yana aika umarni a yanke wa tsohon wuta ɗungurungum. Wannan ma yana da haɗarinsa. A Disamba 2012, kamfanin GitHub yana da kwamfutocin ajiyar fayil da aka jera bibbiyu, kowace da na'ibinta. Hanyar sadarwar cikin gida ta sandare na ɗan lokaci, kowace ta zaci abokiyarta ta mutu, aka yi ta aika umarnin kashewa, har wasu tagwayen suka kashe juna duka biyu. An kwashe sa'o'i ana tantance wace ce ke riƙe da sahihin kwafi. A Oktoba 2018 kuma, yankewar layi ta daƙiƙa 43 kacal ta jefa kamfanin cikin gyaran fiye da awa 24, bayan na'urar maye gurbi ta mayar da shugabanci wani gari alhali akwai rubutun da bai isa can ba. Mai gadin da aka ɗauka don tsaro, in ba a koya masa haƙuri ba, shi ne zai fasa ƙofa.

Zaɓin da ba a guje masa

A shekarar 2000 Eric Brewer na jami'ar Berkeley ya faɗi wata magana da Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da lissafi a 2002. Idan hanya ta yanke tsakanin kwafi da kwafi, abu biyu ne a gabanka: ko ka ƙi amsawa har a gyara don kada ka faɗi abin da ya tsufa, ko ka ci gaba da aiki da abin da ke hannunka, ka yarda za a yi sulhu daga baya. Ba a samun duka biyun.

Ga kuɗi, zaɓi na farko shi ne daidai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yarinyar da ta ce wa dattijo "babu rezo" ta kare shi ne daga a biya wani kuɗinsa a wani gari. Amma ba kowane aiki ne kuɗi ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwa a wani ƙauyen Dungu ko Yawuri ba ta buƙatar izinin Yamai kafin ta rubuta cewa an haifi yarinya yau. Wannan rubutu ba ya karo da na kowa. Tun ƙarshen shekarun 1980, Mahadev Satyanarayanan da ɗalibansa a jami'ar Carnegie Mellon suka gina tsarin Coda a kan wannan tunani: kwamfuta ta riƙe kwafin abin da take buƙata, ta yi aiki ko babu layi, in layi ya dawo ta kai rahoto, a ware wuraren da aka yi saɓani mutum ya duba. Manhajar DHIS2 ta jami'ar Oslo, wadda ma'aikatar lafiyar Nijar ke tattara alƙaluma da ita, tana da irin wannan dama a wayar hannu.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Tsarin da aka zana a ƙasar da layi ke yankewa sau ɗaya a shekara yana ɗaukar yankewa a matsayin haɗari. A wurinmu yankewa yanayi ce, kamar hunturu da bazara. Duk manhajar da za a kawo ma'aikatar magajin gari ko likita ko lakwal, tambayar farko ita ce: me take iya yi ranar da babu layi? Wadda amsarta "ba komai" ce, ba don mu aka yi ta ba.

Kwafi uku, ƙaddara ɗaya

Lissafin kwafi uku yana aiki ne kawai idan abin da zai kashe ɗaya ba zai kashe sauran ba. Mun ga akasin haka da idonmu. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Layin Birnin Kabi zuwa Yamai da layin Katsina zuwa Gazawa, mai ciyar da Maradi da Damagaram, hanya biyu ne a taswira, amma hannu ɗaya ne ke riƙe da makunninsu. Sai a Maris 2024 wutar ta dawo. A cikin wannan watan, ranar 14, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace rana ɗaya a gaɓar Kodebuwa, Afirka ta Yamma ta shiga duhun sadarwa. Kamfanonin da suka sayi hanya a waya biyu suna ganin sun yi tanadi, ashe duk ta kwazazzabo ɗaya suka bi.

Ƙasashen da suka ci gaba ma ba su tsira ba. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu abokan cinikin da ajiyarsu ta biyu ke cikin harabar guda sun rasa uwa da ƴa. A Satumba 2025 wutar batir ta kama cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a Daejeon, ɗaruruwan ayyukan hukuma suka tsaya, rumbun fayilolin ma'aikata mai ɗauke da terabayit sama da 800 ya tafi ba shi da kwafi a wani wuri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nijar ta shimfiɗa wayar gilashi ta aikin da ya ratsa Sahara, da tallafin Bankin Raya Afirka, fiye da kilomita 1,000, har da reshen Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya, aikin kuma ya haɗa da cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Abin farin ciki ne bayananmu su kwana a gida. Amma cibiya ɗaya rumbu ɗaya ce, komai kaurin bangonta. Tana buƙatar ƙanwa a Damagaram da mai raba gardama a gari na uku, kowace da wutarta, kowace da hanyarta. Nisa ba hujja ba ce: haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, don haka kusan kilomita 900 da ke tsakanin Yamai da Damagaram, zuwa da komowa, bai cika kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba.

Ba a fafa gora ranar tafiya

Saura gargaɗi biyu. Na farko, kwafin da ke bin juna nan take ba ya maganin kuskure. In ma'aikaci ya share fayil, ko ɓarayin intanet suka kulle shi, tsarin zai kwafa ɓarnar zuwa wurare ukun da aminci irin wanda yake kwafa alheri. Sai an haɗa da ajiyar jiya da ta makon jiya, a wurin da hannun yau ba ya kaiwa. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share bayanai a kwamfutar da ba ita ya nufa ba. Da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ke taƙama da su, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata, aka yi asarar aikin kimanin awa 6.

Na biyu ya fito daga na farko: na'ibin da bai taɓa jan sallah ba, ba a san muryarsa ba. Kamfanin Netflix ya ƙirƙiro wata manhaja, Chaos Monkey, wadda aikinta kashe kwamfutocin kamfanin da gangan da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi ke zaune, don a ga ko na'ibai za su tashi. Ƙaramar ma'aikata a Matameye ba ta buƙatar wannan, amma tana iya sa rana ɗaya duk wata uku, a zare wayar babbar kwamfuta a gaban kowa, a ga minti nawa za a yi kafin aiki ya dawo, a ɗauko fayil ɗaya daga ajiyar baya a buɗe shi. Tana iya riƙe kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari. Tana iya sa faifan hasken rana da batir, ta kuma tabbatar sirrin shiga ba a kan mutum ɗaya yake ba, domin ma'aikacin da shi kaɗai ya san makulli shi ma magatakarda ce marar na'ibi, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki rumbu ya rufe. Matasanmu da ke fitowa daga jami'ar Damagaram za su iya wannan aiki in an ba su amana, ba sai an jira wani ya taso daga Yamai ba.

Ba kowa ne zai zama injiniya ba, amma kansila da hakimi da shugaban iyayen yara kowa yana iya tambaya ranar da aka zo da sababbin kwamfutoci ana tafi: Kwafi nawa ne, kuma a waɗanne garuruwa? In wannan ta mutu, wa zai karɓa, cikin minti nawa? In layi ya yanke, wa ke da ikon rubutu? Yaushe aka gwada na ƙarshe? Wanda ya kawo kaya ya kasa amsa waɗannan, bai gama aikinsa ba.

Yarinyar da aka haifa bana a wani ƙauyen Kance za ta nemi takardar haihuwarta bayan shekara goma sha wani abu, ranar da za ta zauna jarrabawa. Kafin wannan rana, kwamfutar da aka fara rubuta sunanta a ciki ta daɗe da mutuwa, wadda ta gaje ta ma ta mutu, an yi ɗaukewar wuta ba adadi, wataƙila an yi gobara ko ambaliya. In ta iso bakin taga aka miƙo mata takardarta ba tare da ta san duk wannan ya faru ba, to waɗanda suka gina rumbun sun cika amana. Iyayenmu sun fitar da gero daga damina zuwa damina da laka da kara. Sunan yarinyar nan bai fi ƙarfinmu ba.